'Yar tsakar da ke yawo da rana a jikin kwakwa a Legas: ina ne gidanta, kuma za ta iya zama a Arewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gaya ne amma ina aikin gadi a wani gida can wajen Ajah, kuma ni ne ke ba fulawoyin gidan ruwa. Akwai wata 'yar mitsitsiyar tsaka da nake gani a jikin kwakwa da gindin ayaba, da hantsi take fitowa tana yawo, jikinta kore-kore wutsiyar kuma ja-ja. Mu dai a gida mun san tsaka sai dare kuma a bango. Shin 'yar tsakar ɗaki ce ko wata ce daban? Yaran gidan sun ce wai daga ƙasar waje aka shigo da ita cikin tukwanen fulawa. Sannan ƙanina yana lodin kwakwa daga Badagry zuwa Kano, in ta shiga cikin kaya za ta yaɗu a can? Matar gidan kuma ta ce in yi feshi in kashe su duka. Don Allah a wayar min da kai."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taimaka. In na fahimce ka abu uku kake son sani, wace iri ce wannan tsakar, ina ne asalin wurin zamanta da iyakar inda ake samunta, sannan ko motar ƙaninka za ta iya kai ta Kano ta yi zuri'a a can. Maganar feshi kuma zan zo kanta a ƙarshe don ita ce ta fi damuna.

Da farko dai ba 'yar tsakar ɗaki ba ce, in dai yadda ka siffanta ta haka take. Tsakar ɗaki ko tana jaririya ba ta fitowa yawon neman abinci da hantsi, dare take jira, kuma jikinta fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai ƙuraje-ƙuraje, babu kore babu ja. Abin da zai raba maka gardama shi ne ido. Ka matsa kusa a hankali ka duba, tsakar dare ƙwayar idonta tsaga ce a tsaye irin ta mage, wannan ta rana kuwa ƙwayar idonta a zagaye take. Duk wadda ka gani ƙarama, mai zagayayyen ido, tana hawa da sauka a jikin bishiya rana na sama, to a wannan yankin namu kusan ko da yaushe 'yar gidan Lygodactylus ce, wato dangin ƙananan tsaka da ke da iri sama da 60, akasarinsu a Afirka da tsibirin Madagaska, sai guda biyu can Kudancin Amurka. Kuma a nan kurmi, mai kore-koren jiki da ɗige-ɗige masu haske a gefen haƙarƙari da wutsiya mai ja ko ruwan lemo, wadda ta fi dacewa da bayaninka ita ce Lygodactylus conraui. Wani Bajamushe masanin dabbobi mai suna Tornier ne ya fara rubuta bayaninta a 1902, ya sa mata sunan Gustav Conrau, wani ɗan kasuwar Jamus da ya yi yawo a Kamaru. Tsawonta duka har wutsiya bai cika wuce santimita 7 ba, ita ke nan girmanta, ba wai za ta ƙara ba ne. Sai dai ka sani ni bayani na ji ban ga hoto ba, kuma launin waɗannan halittu yana sauyawa, in ta tsorata ko gari ya yi sanyi sai ta dushe ta koma toka-toka, shi ya sa ba zan yi maka rantsuwa kan sunan ba sai na ga maƙogwaronta da gefen jikinta.

Maganar yaran gidan kuwa cewa daga waje aka shigo da ita, a'a. 'Yar ƙasa ce, tun kafin a yi titin Lekki zuwa Epe tana nan, gidan da kake gadi ne aka zo aka gina a wurinta.

Inda take kwana da inda take ci

Wannan tsakar akasarin rayuwarta a jikin shuka mai rai take. Ban da bishiyoyin daji, ta saba da gonar kwakwar manja, kwakwar attagara, ayaba da agade, koko, goro, har da shingen fulawa da turakun katanga in akwai ganye kusa. Abin da take nema ba girman bishiyar ba ne, abu uku ne suka haɗu: maɓoya mai matsi, danshi da ƙananan ƙwari. Shi ya sa kake ganinta a kwakwa da ayaba ba a jikin sandar lantarki ba. Ka duba inda hannun ganyen kwakwa ya manne da jikin bishiyar, akwai wannan zare-zaren mai kama ruwa da ƙura, ko ka ɗan janye busasshen ɓawon ayaba na waje, za ka ji cikin da sanyi da laima ko da rana ta take. To nan ne ɗakinta. Nan take shigewa in rana ta yi zafi, nan take kwana ko a ƙarshen wani siririn reshe, nan kuma take ajiye ƙwai.

Ƙwai biyu take yi a lokaci guda, farare masu tauri, yawanci manne da juna, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ba ta kwanci a kansu, tana ajiyewa ta tafi, ɗumin wuri da danshi ne ke ƙyanƙyashe su cikin wata biyu zuwa uku. A aikina in na je lambu ina son sanin ko suna wurin, ba na ɓata lokaci ina bin manya da ido, ɓawo nake ɗagawa. Sau da yawa sai ka tarar da fasassun ƙwai da sababbi a lungu guda, alamar mata da yawa suna zuwa wuri ɗaya ko uwa ɗaya tana ta dawowa. In ka ɗaga ka gani don Allah ka mayar da ɓawon yadda yake, in rana ta buge su kai tsaye shi ke nan sun lalace.

Abincinta kiyashi, ƙananan ƙuda, gara, ƙananan gizo-gizo da 'ya'yan ƙwarin da ke tsotsar ganye. Tana kuma lasar zaƙi, ruwan fure ko wannan danƙon darɓa da ƙwari ke bari a ganye. Lokacin da ya fi kyau ka kalle ta shi ne da safe bayan an yi ruwan dare, rana ta fara ɗagowa. Za ka ga ta fito ta tsaya a inda haske ya ɗan taɓa jikin bishiyar, kanta a ƙasa wutsiya a sama, ta yi shiru, sai can ta yi tsalle ɗaya ta cafke kiyashi. In ka matso ba ta gudu sama kamar jangwada, zagayawa take bayan bishiyar, kana zagayawa tana zagayawa, kullum gangar bishiyar na tsakaninku. In mutum biyu ne ɗaya ya tsaya ta can sai ku gan ta sarai. Kuma ka lura da idonta, ba ta ƙiftawa don ba ta da fatar ido mai rufewa, harshe take zarowa ta lashe shi.

Akwai wani abu a jikinta da ke nuna lallai don bishiya aka yi ta. Yatsun tsaka kowa ya san suna kama bango, ƙarƙashinsu akwai wasu gashi-gashi masu tsananin ƙanƙanta da ido ba ya gani, su ne ke manne wa ko da gilashi, ba danƙo ba ne ba kuma ruwa ba. To 'yan gidan Lygodactylus har a ƙarshen wutsiyarsu ta ƙasa akwai irin wannan, ta yadda in iska na kaɗa ganye ko ta yi tsalle daga reshe zuwa reshe, wutsiyar ma tana kamawa. Tsakar ɗakinku ba ta da wannan.

Daga ina zuwa ina

Yankinta bin gaɓar teku yake, inda ruwan sama ke da yawa. An same ta daga Saliyo da Laberiya, Kwaddebuwa, Gana, Togo, Jamhuriyar Benin, kudancin Najeriya, Kamaru har zuwa Ikwatoriyal Gini da Gabon. In ka ɗauki taswirar kurmin Afirka ta Yamma ka ɗora a kan wannan, kusan daidai za su zo. A Najeriya ke nan ana maganar Legas, Ogun, Ondo, Edo, yankin Neja Delta zuwa Kuros Riba, inda ake da ragowar manyan dazuka irin su Omo a Ogun da Okomu a Edo da gandun dajin Kuros Riba.

Abin da ya ja wannan iyaka ba zafi ba ne, Legas da Kano duk ana shan zafi. Ruwa ne, musamman ruwan da ke cikin iska. Legas ruwan shekara yakan haura milimita 1,500, damina doguwa ce, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba, kuma ko lokacin da ba a ruwa iskar teku da ta lagun, wato babban tafkin da ke gefen teku, ba ta barin gari ya bushe ƙayau, kai da kanka ka san yadda wanki ke daɗewa a igiya a Ajah. Kano kuwa ruwan bai cika kai milimita 1,000 ba kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba ya ɗauke, sauran shekarar babu ko ɗigo, hunturu ya zo ya tsotse komai. Ƙaramar halitta irin wannan fatarta tana da yawa in aka gwada da naman jikinta, saboda haka ruwan jikinta saurin ƙafewa yake, balle 'ya'yanta da ke fitowa daga ƙwai ba su kai santimita 3 ba. Babbar za ta iya jure kwana kaɗan, jariran ne ba sa kai labari, kuma duk inda jarirai ba sa tsira to iri ba ya zama a wurin.

Wani abu mai ban sha'awa shi ne tsakanin Accra da kudancin Benin kurmin ya yanke, fili mai ciyawa ya sauko har bakin teku, masana suna kiran wurin Giɓin Dahomey, ruwan Accra ma ƙasa da milimita 1,000 ne duk da tana bakin teku. Dabbobin daji da yawa nan suka tsaya, na yamma daban na gabas daban. Amma wannan 'yar tsakar ana samunta ta ɓangarorin biyu har da cikin Togo da Benin, kuma a ganina ba wani abu ya taimake ta ba illa rashin zaɓenta, in dai akwai gonar kwakwa ko lambu mai inuwa za ta zauna, kuma kwakwa a jere take a gaɓar nan tun daga Badagry har ka wuce Kwatano. Ka gwada da wata tsakar kurmi ta dare, babba mai zane-zane a kwance, Hemidactylus fasciatus, wadda ke zama a kogon manyan bishiyoyi. Da ana ɗaukarta iri ɗaya ce daga yamma har Kongo, da aka yi binciken ƙwayoyin gado sai aka ga koguna da giɓin daji sun raba su tun da daɗewa, a 2014 aka kasa ta gida biyar. Ta yankin Kuros Riba ma sunan masanin Najeriya aka sa mata, Hemidactylus eniangii, don karrama Edem Eniang. Ita wannan in aka sare babban daji to ta tafi, ba ta komawa tukunyar fulawa.

Akwai ma wadda ta fi wannan tsanani a cikin dangin taka. A Tanzaniya akwai Lygodactylus williamsi, namijin shuɗi ne shar, duk duniya a ɗan ƙaramin yanki take kusa da Morogoro, dajin Kimboza da kewaye, kuma a jikin irin shuka guda take rayuwa. Masu kiwon dabbobin ado a Turai suka yi ta saye ana ta kwasa har ta kusa ƙarewa, sai a taron CITES na 2016, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, aka sa ta a jerin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Na kawo wannan ne don in wani ya ga hoton taka ya ce zai saya ka tara masa, kar ka yarda.

To Arewa ba ta da tata? Tana da ita, kawai ba a lura ne. Akwai Lygodactylus gutturalis, ita ce 'yar uwarta ta fili, yankinta ya miƙa tun daga Sanagal ya ratsa arewacin Najeriya har gabashin Afirka. Launinta toka-toka ne ko ruwan ƙasa daidai da ɓawon bishiya, a maƙogwaro kuma akwai baƙaƙen zane masu tsini suna bin juna. In ka je gida ka duba jikin bagaruwa, gawo, tsamiya, mangwaro ko darbejiya da hantsi, musamman gefen fadama, akwai yiwuwar ka gan ta. Na sha nuna wa mutanen da suka girma a ƙauye ita a gonarsu su ce wallahi ba su taɓa ganinta ba, alhali kullum a gindin bishiyar suke shan inuwa.

Maganar motar ƙaninka

Shiga kaya kam tana iya shiga, ita ko ƙwanta, musamman in kwakwar da sauran bawonta ko an shimfiɗa ganyen ayaba. Tsaka ta shahara da bin kaya. Wannan ta bangon ɗaki da ta cika Legas, Hemidactylus mabouia, asalinta Afirka ce amma yau ga ta a Burazil da tsibiran Karebiyan har Fulorida ta Amurka, kuma masana da yawa suna ganin jiragen ruwa ne suka kai ta, har da na zamanin cinikin bayi. To amma ita ta dace ne don gidanta bango ne da rufin ɗaki, ko ina aka je akwai bango, akwai banɗaki mai laima, akwai fitila mai tara ƙwari. Taka kuwa ganye mai rai take so. Mu ɗauka ta tsira daga Ibadan, Ilori, ta haye Jebba, Mokwa, Kaduna har aka sauke a kasuwar 'Yan Lemo. In damina ce kuma ta dace da wani lambu kusa za ta iya yin watanni, har ta yi ƙwai ma. Amma daga Nuwamba zuwa Maris fa? Nan ne za ta ƙare, sai dai in wurin lambun ayaba ne da ake ban ruwa kullum, kuma ko nan ɗin ɗan tsibiri ne, ba za ta iya fita daga cikinsa ta bazu ba don tsakanin wannan lambu da na gaba busasshen fili ne, ga jangwada ga tsuntsaye ga kaji. Saboda haka ƙaninka ya kwantar da hankalinsa, ba zai kai wa Kano wata annoba ba. In ya ga ɗaya lokacin lodi ya karkaɗe ta a gindin wata kwakwa a nan Badagry, ya fi mata.

Feshi da kisa

Ga inda nake roƙonka ka yi wa matar gidan bayani cikin ladabi. Wannan tsakar ba ta da dafi, ba ta cizon mutum, bakinta ma bai isa ya huda fata ba, kuma ba ta cika shiga ɗaki ko kicin ba. Maganar da muka taso muna ji cewa tsaka tana sa kuturta ba haka ba ne, kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, daga mutum zuwa mutum bayan doguwar cuɗanya, kuma tana da magani. Abin da yake gaskiya shi ne kashin tsaka da na ƙadangare da na kaza duk suna iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi, maganin wannan kuwa rufe abinci da randa da wanke hannu, kuma ya fi shafar ta ɗaki ba ta bishiya ba. Na san akwai hadisi sananne kan kashe tsaka, wannan fagen malamai ne, ni ba zan yi fatawa ba, ka kai musu bayanin kamar yadda yake, cewa wannan a bishiya take, ba ta cika shiga ɗaki ba, su faɗa maka hukunci.

Feshin kansa kuma asara ce ta biyu. Na ga lambuna da dama da aka yi wa wanka da fiya-fiya ko waɗannan magunguna masu ƙarfi da ake sayarwa a bakin titi, wata biyu ba a yi ba sai farin ƙwarin nan masu manne wa ganye su dawo fiye da da, don an kashe masu cin su, tsaka da gizo-gizo da sauransu, su kuwa ƙwarin saurin hayayyafa gare su. Sai a sake feshi, a sake, kai mai riƙe da famfon kana shaƙa babu ko takunkumi. In fulawa ta kamu, ruwan sabulu mai laushi a kan ganyen da ya kamu kaɗai yakan wadatar, a yi da yamma, a bar jikin kwakwa da gindin ayaba.

Gaskiya abin da ke rage ta a Legas ba ma feshi kaɗai ba ne. Duk wanda ya san hanyar Ajah zuwa Epe shekarun baya ya san fadama ce da kwakwa da rama-ramar daji, yanzu ana cike da yashi, a zagaye da katanga, a shimfiɗa intaloki daga ƙofa har bayan gida ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. Abin da ya rage a tsakiyar wannan duka shi ne irin su gandun kare daji na Lekki Conservation Centre da aka kafa a 1990, hekta 78 kacal, sai kuma gidaje irin wanda kake gadi da Allah ya sa aka bar 'yan bishiyoyi. Halitta mai santimita 7 ba ta iya tsallaka titi mai layi shida, saboda haka waɗanda ke jikin kwakwar nan taku wataƙila su ke nan a duk layin, in aka kashe su babu inda wasu za su zo daga. Abin da za ka iya yi ba shi da wahala, in kana share lambu kar ka kwashe busasshen ɓawon ayaba duka lokaci guda, ka bar na ciki, kar a kankare jikin kwakwa tas, kuma lokacin hunturu in kana ban ruwa ka ɗan watsa wa gangar bishiyar da safe.

In za ka turo hoto, ka ɗauka da hantsi, ɗaya ta gefe yadda ido da ɗige-ɗigen haƙarƙari za su fito, ɗaya kuma na maƙogwaro. Na maƙogwaron hanya mai sauƙi ita ce ka kifa mata kofin gilashi a hankali, ka zura takarda ta ƙasa, in ta hau jikin gilashin sai ka ɗauki cikinta daga waje, ka mayar da ita bishiyar da ka same ta. Kar ka kama ta da yatsa, wutsiyar take yankewa nan take, kuma wata da watanni take kafin wata ta tsiro. Ka rubuto min unguwar da watan da ka ɗauka, don irin waɗannan bayanai daga cikin gari su ne ke nuna mana inda har yanzu take da saura.